Scotia: Asalin Wani Garin Katako da Yawan Mutanensa

Idan matafiyi ya tashi daga San Faransisko ya nufi arewa a kan babbar hanyar mota mai lamba 101, zai yi tafiyar kusan kilomita 400 kafin ya iso wani ɗan gari da ke kwance a gefen kogin Eel, cikin gundumar Humboldt ta jihar Kalifoniya. Sunan garin Scotia, ana kuwa furta shi kamar a ce "Sikosha". Daga kan hanya abin da ido zai fara gani shi ne dogayen rumfunan masana'antar tsaga katako, da gumagumai jibge kamar tsaunuka, sa'an nan ƙananan gidajen katako a jere, kusan duk fasalinsu ɗaya. A ƙidayar jama'a ta shekarar 2010 an sami mutum 850 a garin. A ta 2020 kuwa an sami 681.

Gari mai wannan ƙanƙanta, in a ƙasar Hausa ne, da wuya a ba shi ko dagaci. Amma duk da haka ya cancanci nazari, domin yana cikin na ƙarshe-ƙarshe na irin garuruwan da ake kira garin kamfani a Amurka, wato garin da kamfani guda ya gina, ya kuma mallaki ƙasarsa da gidajensa da kantunansa da ruwan shansa da wutarsa. Fiye da shekara ɗari babu wani mazaunin Scotia da ya mallaki ɗakin da yake kwana. Tambayar da wannan darasi zai bi ita ce: me ya tara mutane a wannan wuri, su wane ne, kuma me ke sa yawansu ya hau ko ya sauka?

Itacen da ya jawo mutane

Asalin garin itace ne. A gaɓar tekun Fasifik, daga kudancin jihar Oregon har zuwa tsakiyar Kalifoniya, akwai wani siririn yanki mai tsawon kimanin kilomita 750 inda wata bishiya da ake kira redwud take fitowa. Ma'anar sunan jan itace, saboda launin cikinta. Babu bishiyar da ta kai ta tsawo a duniya. Wadda ta fi kowace, da aka gano a 2006 a arewacin wannan gunduma ta Humboldt, ta haura mita 115, wato kamar bene mai hawa talatin da 'yan kai. Rimi, wanda mu muke ganin ba shi da na biyu a tsawo, ko rabinta ba safai yake kaiwa ba. Wasu daga cikin waɗannan itatuwa sun haura shekara 2,000 da tsirowa.

Dalilin da ya sa ba ta fita sai a nan shi ne yanayin wurin. Da hunturu ake ruwan sama mai yawa, da bazara kuwa ruwa ya ɗauke, sai wani hazo mai laima ya riƙa tasowa daga teku yana lulluɓe dajin, ganyaye su tsotse shi, sauran ya ɗiga ƙasa. Sai mai karatu ya lura, wannan hazo ba irin namu na hunturu ba ne mai ƙura da busar da leɓe. Tururin ruwa ne mai sanyi. Inda hazon ya tsaya, nan dajin ya tsaya.

Ga mai sana'ar katako kuwa, abin da ya fi tsawon muhimmanci shi ne halin itacen. Ba ya saurin ruɓewa, gara da sauran ƙwari ba su cika damunsa ba, ba shi da ƙaro mai kama wuta kamar sauran danginsa, ga shi da sauƙin tsagawa. Saboda haka aka riƙa yin bangon gida da rufi da shi, da tankunan ruwa, da katakon da ake shimfiɗa ƙarfen dogo a kai. Lokacin da aka gano zinariya a Kalifoniya a 1848, jama'a suka yi ta kwarara daga ko'ina, San Faransisko ta tashi daga ƙauye ta zama birni cikin 'yan shekaru, kuma kusan duk da katako aka gina ta. Wasu daga cikin waɗanda suka zo neman zinariya suka rasa, da suka ɗaga kai suka dubi dajin, sai suka gane inda dukiyar take. An ƙiyasta cewa dajin redwud na asali ya kai eka miliyan 2. Abin da ya rage yau wanda gatari bai taɓa shiga ba bai wuce kashi 5 cikin 100 ba.

Masu ƙasa na farko

Littattafan kamfanoni sukan fara tarihin irin waɗannan garuruwa daga ranar da aka sayi fili, kamar dai kafin nan babu kowa. Akwai mutane. Ƙasan kogin Eel da kewayen mashigin tekun Humboldt ƙasar wata al'umma ce da ake kira Wiyot, masunta ne da ke sassaƙa kwalekwale da gina ɗakuna da wannan jan itace, a saman kogin kuma akwai wasu al'ummu masu harsuna dabam. Hatta sunan kogin daga haɗuwa da su ya samo asali. A ƙarshen 1849 wasu Turawa masu neman hanya, ƙarƙashin jagorancin Josiah Gregg, suka iso bakinsa yunwa ta galabaitar da su, suka ba mutanen wurin wani kwanon tuya, aka musanya musu da wani dogon kifi mai santsi, mai kama da maciji. Sunan da suka ɗauka na kifin ne a Ingilishi suka laƙaba wa kogin, alhali kuwa ba shi ba ne, wani kifi ne dabam mai kama da shi. Kuskuren ya zauna har yau.

Masana sun ƙiyasta yawan Wiyot kafin zuwan baƙi tsakanin mutum 1,000 da 3,000 da ɗoriya. A daren 26 ga Fabrairu 1860, wasu baƙin suka tsallaka zuwa wani tsibiri da ke gaban garin Eureka, inda Wiyot ke bikinsu na shekara, suka auka musu da gatura da wuƙaƙe. Yawancin waɗanda aka kashe mata ne da yara da tsofaffi, domin maza sun tafi nemo guzuri. A daidai wannan lokaci an kai irin wannan hari a wasu ƙauyuka, har da na bakin kogin Eel. Ba a hukunta kowa ba. Waɗanda suka tsira aka kwashe su zuwa wuraren da gwamnati ta keɓe, ga kuma cututtuka, har ya zamana a 1910 ba su kai 200 ba. Jikokinsu suna nan, kuma a 2019 hukumar garin Eureka ta mayar musu da mafi yawan wannan tsibiri. Abin lura ga ɗalibi shi ne kusancin shekarun: an yi kisan a 1860, an sayi dajin da Scotia za ta zauna a 1863.

Daga sansani zuwa gari

A wannan shekara ta 1863 wasu 'yan kasuwa biyu, A. W. McPherson da Henry Wetherbee, suka sayi eka 6,000 na daji a gefen kogin Eel, kowace eka a kan dala 1 da santi 25. Wannan ciniki shi ne tushen kamfanin Pacific Lumber. Sai dai sayen daji dabam, fitar da katako dabam. Wurin ya yi nisa da tashar jiragen ruwa, babu hanya, saboda haka aikin bai kankama ba sai farkon shekarun 1880.

Yana da kyau a san yadda aikin yake a wancan zamani, domin shi ya sa dole a tara mutane da yawa wuri guda. Gindin tsohuwar redwud yakan kai faɗin mita huɗu ko biyar, ga shi a buɗe daga ƙasa. Masu sara biyu sukan huda gindin su cusa alluna su tsaya a kai, su yi ta sara da gatari, sa'an nan su ja dogon zarto, ɗaya nan ɗaya can. Bishiya guda takan ci musu kwanaki. Kafin ta faɗi sai an gyara mata shimfiɗa da rassa, in ba haka ba nauyinta ya farfasa ta, wahala ta tashi a banza. Bayan ta faɗi wasu su ɓare ɓawon, wanda kaurinsa kan kai taƙi guda ko fiye, wasu su yanka ta gunduwa-gunduwa, a ɗaura wa takarkarai bakwai-bakwai ko fiye su ja a kan hanyar da aka jera da itatuwa, wani yaro na gaba yana shafa mata kitse. A 1881 wani mai masana'anta a Eureka, John Dolbeer, ya ƙera injin tururi mai naɗe igiya, wanda sannu a hankali ya karɓe aikin shanun. Duk da haka kowane mataki hannu yake bukata, hannun kuma sai ya ci, ya kwana.

To, a kan haka kamfanin ya kafa sansani kusa da inda ya gina injin tsaga katako: dogayen ɗakunan kwana na gwauraye, da ɗakin girki na kowa da kowa, da kanti. Aka sa wa wurin suna Forestville, wato garin daji. Da aka nemi a buɗe gidan waya a 1888, sai aka tarar akwai wani Forestville a gundumar Sonoma, doka kuwa ba ta yarda gidajen waya biyu su yi suna ɗaya a jiha guda ba. Aka sake suna zuwa Scotia, domin da yawa daga cikin ma'aikatan farko mutanen gabashin Kanada ne, daga lardunan Nova Scotia da New Brunswick. Mutanen garin suna da labarin cewa kwabo aka jefa tsakanin sunayen lardunan biyu, Scotia ta ci. Ko an jefa ko ba a jefa ba, labarin ya nuna daga ina jama'ar suka fito.

Me ya kawo mutumin gaɓar Atilantika har gaɓar Fasifik, tafiyar dubban kilomitoci? Sana'arsa ce ta yi ƙaura, shi kuma ya bi ta. Saran katako a Amurka ta Arewa ya fara ne a gabas, a Maine da maƙwabtanta na Kanada. Da manyan itatuwan can suka ƙare aka koma Michigan da Wisconsin, daga nan sai yamma. Masu jari ma haka suka bi: iyalin Simon J. Murphy, waɗanda kamfanin ya koma hannunsu wajen 1905, asalinsu Maine ne, a dazuzzukan Michigan suka yi arziki. Bayan mutanen Kanada sai ga 'yan Suwidin da Norwe da Finlan, waɗanda su ma sun san daji tun a gida, sa'an nan Italiyawa da mutanen Fotugal. Akwai kuma waɗanda ba a gani a garin ba, rashinsu kuwa da dalili. A Fabrairun 1885 mutanen Eureka suka kori Sinawan da ke zaune cikinsu, wajen mutum 300, aka zuba su a jiragen ruwa zuwa San Faransisko, sauran garuruwan gundumar kuma suka bi sahu. Shekaru da dama bayan haka gundumar Humboldt tana alfahari da cewa babu Basine a cikinta. Ke nan, fuskar jama'ar Scotia ta samu ne daga waɗanda aka kira da kuma waɗanda aka kora.

Gobara ta cinye masana'antar farko a 1895, aka sake ginawa. Girgizar ƙasa da gobarar da suka rushe San Faransisko a 1906 suka sa kasuwar katako ta yi tashin gwauron zabo. A 1910 aka kammala masana'anta ta biyu, wadda aka daɗe ana yi mata kirari da cewa ita ce mafi girman masana'antar redwud a duniya, a 1914 kuma layin dogo ya haɗa gundumar da yankin San Faransisko, aka huta da dogaro da jirgin ruwa kaɗai.

Zaman garin kamfani

Gwauro ba ya zama. Yau yana wannan sansani, gobe ya ji an ƙara santi biyar a wancan, ya naɗe bargonsa ya tafi. Shugabannin kamfanin sun gane cewa mai iyali ya fi riƙe aiki, saboda haka suka shiga gina gidaje na sosai, har suka kai kimanin 270. Aka gina makaranta da asibiti da coci-coci. A 1920 aka buɗe gidan kallo da ake kira Winema, da banki wanda aka yi wa fasalin ɗakin bautar Girkawan dā, sai dai ginshiƙansa gumaguman redwud ne da ɓawonsu, daga baya aka mai da shi gidan tarihi. A 1923 aka gina masaukin baƙi. Da ɓaraguzan itace da garin zarto ake hura injin da ke ba garin wutar lantarki. Haya ba ta da tsada, in rufi ya yi yoyo ko fenti ya koɗe, kamfani ke gyarawa. Daga baya har ana ba 'ya'yan ma'aikata kuɗin karatun jami'a, ga fansho mai kyau.

Mai karatu da ya san Sapele a Nijeriya, ko Samreboi a yammacin Ghana, inda kamfanin African Timber and Plywood ya kafa masana'anta da gidajen ma'aikata a tsakiyar kurmi, ko kuma barikokin haƙar kuza na Jos, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Tsarin ɗaya ne, kuma sharaɗinsa ɗaya ne: gidan na aikin ne. Wanda aka sallama, ko ya bari da kansa, ko ya tsufa ya yi ritaya, sai ya miƙa mabuɗi. Wanda ya ba ka aiki shi ne mai gidan hayarka, shi ne mai kantin da kake cefane, saboda haka kafin ka ɗaga masa murya sai ka yi tunani sau biyu. Ba abin mamaki ba ne da ƙungiyar ƙwadago ba ta yi saiwa a Scotia ba, ko a babban yajin aikin masu katako na 1946 zuwa 1948. Wasu na cewa alherin kamfani ne ya sa ma'aikata ba su ga bukatarta ba, wasu na cewa tsoro ne. A ganina duka biyun suna nan, kuma a irin wannan zama da wuya mutum ya raba su ko a cikin zuciyarsa.

Abin da garin ya hana, tsallaken kogi ya samar. Daura da Scotia akwai wani gari, Rio Dell, wanda wani sashensa a dā ake kira Wildwood. Can Italiyawa da yawa suka zauna, can mutum ke iya sayen fili ya gina nasa, can kuma ake shaye-shaye da caca, musamman a shekarun 1920 zuwa 1933 da Amurka ta haramta giya. Kusan matsayin Sabon Gari ke nan a gefen birni. Wannan na da muhimmanci ga mai nazarin ƙidaya, domin tsofaffin Scotia da suka miƙa mabuɗi, da ma'aikatan da ba su sami gidan kamfani ba, da yawansu can da sauran garuruwan kusa suke komawa. Yau Rio Dell na da mutum fiye da 3,300, wato ta ninka Scotia kusan sau biyar.

Ta fuskar daji ma iyalin Murphy sun bambanta da takwarorinsu. Tun daga shekarun 1930, zamanin Albert Stanwood Murphy, suka bar share daji ƙaƙaf, suka koma tsintar wasu itatuwa a bar wasu, da nufin kada a sare fiye da abin da ke tohowa. A 1931 kuma kamfanin ya sayar da kusan eka 10,000 na tsohon daji aka mai da shi gandun gwamnati, da gudummawar attajiri John D. Rockefeller ƙarami. Garin ya sha ambaliya a Disambar 1964, lokacin da ruwan da ke wucewa ta Scotia ya kai kimanin mita kubik 21,000 a daƙiƙa guda, fiye da ninki biyu na abin da Kwara ta saba zubawa a teku. Ruwan ya kwashe gumaguman kamfanin ya watsa su har bakin teku, ya share ƙauyukan Pepperwood da Weott, amma Scotia ta farfaɗo, domin mai ita yana da abin gyara ta.

Ranar da aka sayi mai garin

Tattalin da ya raya kamfanin shi ya jawo masa ido. Ya zuwa 1985 Pacific Lumber na da daji kusan eka 200,000, ciki har da mafi yawan tsohuwar redwud da ta rage a hannun 'yan kasuwa. Ba shi da bashin kirki, asusun fanshonsa ya fi abin da ake binsa da miliyoyin daloli. Amma da yake a hankali yake sara, ribarsa ta shekara ba ta da yawa, farashin hannun jarinsa a kasuwa kuwa ribar yake bi. Wato ana iya sayen kamfanin gaba ɗaya a kan kuɗin da bai kai darajar itatuwansa ba.

Wani ɗan kasuwa daga Texas, Charles Hurwitz, mai kamfanin Maxxam, ya ga haka. A ƙarshen 1985 ya taya, a farkon 1986 ciniki ya faɗa a kan fiye da dala miliyan 800. Mafi yawan kuɗin rance ne, ta hanyar takardun bashi masu ruwa mai tsada da bankin Drexel Burnham Lambert ya sayar masa, bashin kuma aka ɗora shi a wuyan kamfanin da aka saya. Hausawa na cewa da ruwan ciki akan ja na rijiya. A wannan ciniki da ruwan rijiyar aka sayi rijiyar. Don a biya bashin sai aka kusan ninka sara, aka koma share daji. Aka kwashe rarar asusun fansho, aka miƙa sauran ga wani kamfanin inshora, Executive Life, wanda shi kuma ya durƙushe a 1991.

Da farko garin bai ji zafi ba. Aiki ya ƙaru, aka ɗebi sababbin hannu, ana biyan kuɗin ƙarin lokaci. Sai dai tsofaffin ma'aikata sun san lissafi: abin da aka tsara zai ci jikoki, ana cinye shi cikin shekara ashirin. A ɗaya gefen kuma ga masu fafutukar kare daji sun taso, suna tare hanyoyi, suna kai ƙara kotu saboda wasu tsuntsaye da ba sa sheƙa sai a tsofaffin itatuwa. A jajibirin sabuwar shekarar 1997 laka ta gangaro daga wani tudu da aka sare, ta binne gidaje bakwai a ƙauyen Stafford, 'yan kilomitoci kudu da Scotia. A saman wannan tudu ne wata budurwa, Julia Butterfly Hill, ta hau wata tsohuwar bishiya a Disambar 1997, ba ta sauko ba sai bayan kwana 738, da aka yarda ba za a sare ta ba. Ma'aikacin Scotia ya zama gaba kura baya siyaki: in masu kare daji suka yi nasara aikinsa ya tafi yau, in mai kamfani ya yi nasara aikin ya tafi gobe, gidan kuma ya bi shi. A 1999 gwamnatin tarayya da ta jiha suka biya dala miliyan 480 suka karɓi dajin Headwaters, mai kimanin eka 7,500, da wasu ƙananan kurmuka. Kuɗin bai kashe bashin ba. A 2001 aka rufe babbar masana'antar nan ta 1910, domin manyan gumaguman da aka ƙera ta dominsu sun yi ƙaranci. A Janairun 2007 kamfanin ya kai kansa kotu a Texas ya ce ya karye.

Karanta ƙidayar

Hukuncin kotu na 2008 ya raba abin da bai taɓa rabuwa ba. Daji da masana'anta suka koma hannun sabon kamfani, Humboldt Redwood, garin kuma ya faɗa hannun wani kamfanin zuba jari na New York, Marathon, wanda yake bin bashi. Masu jari ba su da sha'awar gyaran rufi da yanke ciyawa, sayarwa suke so. Amma a takardun gwamnati Scotia duk fili guda ce, bututun ruwa da na bahaya da wayoyin wuta sun ratsa ƙarƙashin gidaje yadda mai gida ɗaya ya ga dama. Sai da aka yanka filaye, aka sake shimfiɗa bututu unguwa-unguwa, aka kafa hukumar da mazauna ke zaɓa don kula da ruwa da tituna. A 2017 aka fara sayar da gidaje, shekara 129 bayan garin ya sami sunansa.

Yanzu sai mu koma ga alƙaluman da muka fara da su. A garin da mutane ke da filayensu, yawan jama'a kan ƙaru da haihuwa da zuwan baƙi, ɗa ya yi aure a yanka masa gefe. A Scotia ba haka ba ne. Yawan gidaje ƙayyadadde ne, kogi ya tare gefe ɗaya, tudu ya tare ɗaya, masana'anta ta cinye fili mai kyau. Saboda haka ko a lokacin da kamfanin ke da ma'aikata fiye da 1,000, mazauna garin ba su yi nisa da mutum dubu ba, yawancin ma'aikatan daga waje suke zuwa. In an raba 850 na 2010 da kimanin gida 270, za a sami mutum uku da ɗan abu a kowane gida, abin da ya fi matsakaicin Amurka, wanda bai kai uku ba. Wannan alama ce ta garin magidanta masu yara, inda tsofaffi ba su da yawa. A wannan ƙidaya duk mazauna garin 'yan haya ne, babu gida ko ɗaya da mai shi ke ciki.

Daga 850 zuwa 681 an rasa mutum 169, kusan kashi 20 cikin 100 a shekara goma, alhali gundumar Humboldt gaba ɗaya ta ɗan ƙaru, daga 134,623 zuwa 136,463. Ke nan ba yankin ne ya watse ba, Scotia ce ta sake hali. Masana'antar da ta rage injuna ne suka fi yawa a cikinta, itatuwan da take tsagawa kuma 'yan baya ne, ƙanana, waɗanda suka toho bayan saran farko. Ƙidayar 2020 ta zo ne ana tsakiyar gyara da sayarwa, lokacin da gida kan zauna babu kowa kafin ya sami mai saye, ɗan hayar da ba shi da halin saye kuma ya tashi. Wanda ya saya ba dole ne ya zama ma'aikacin katako ba. Yana iya zama tsoho da matarsa su biyu, irin waɗanda dā doka ta hana su zama, ko ma'aikacin asibiti a Eureka mai tafiyar kilomita 45 kowace safiya. Gidajen suna nan yadda suke, makarantar firamare har yanzu tana ɗauke da sunan Stanwood A. Murphy, amma ƙofa ɗaya da dā take fitar da mutum biyar, yanzu tana iya fitar da biyu.

Ma'anar wasu kalmomi

Gungume: guntun gindin itace da aka sare, kafin a tsaga shi. Jam'insa gumagumai.
Takarkari: sa da aka horar don ɗaukar kaya ko ja.
Taƙi: awon tsawo daga kan babban yatsa zuwa kan na tsakiya in an buɗe hannu.
Toho: sabon tsiro da ke fitowa daga kututture ko reshe.
Rara: abin da ya saura bayan an cire abin da ake bukata.
Karyewa: a harkar ciniki, mutum ko kamfani ya kasa biyan bashin da ake binsa.

Tambayoyi

1. Wace dangantaka ke tsakanin gano zinariya a 1848 da kafuwar Scotia?
2. Me ya sa aka sake wa Forestville suna, kuma me sabon sunan ya nuna game da ma'aikatan farko?
3. Bayyana da kalmominka yadda aka sayi Pacific Lumber, sa'an nan ka faɗi abin da ake nufi da cewa da ruwan rijiyar aka sayi rijiyar.
4. Me ya sa Rio Dell ta fi Scotia yawan jama'a, alhali a Scotia masana'antar take?
5. Nemo jimloli biyar a cikin darasin da aka yi amfani da "aka" a cikinsu, ka sake rubuta su da "suka", ka ambaci wanda ya yi aikin.
6. Rubuta shafi guda a kan zango ko unguwar da kake zaune: wace sana'a ce ta fara tara mutane a wurin, daga ina suka zo, kuma wa ya mallaki ƙasar da gidajen suke kai?